Don Allah shawara: Inna ta ji kiɗan da nika saurare, ta ce sai an yi min ruƙiyya

Tela Gusau: Assalamu alaikum 'yan uwa, don Allah a ba ni shawara, abin ya hana ni barci. Ni tela ne nan Tudun Wada, yawanci da dare nika aiki in an kawo wuta. Yaron da ka tura muna waƙoƙi a memori ne ya haɗo min da wani albam na wasu 'yan Kanada, sunansu Archspire, albam ɗin Bleed the Future na 2021, irin kiɗan turawa mai ƙara da gudu da aka kira teknikal det metal. Da farko na ɗauka memorin ne ya lalace. Amma da na sa iyafis na natsu sai na ji abin da ban taɓa ji ba, mai gangar da ƙafa biyu shika taka ta, kamar keken ɗinki na lantarki in ka danne shi har ƙasa amma bai tsallake zare ko ɗaya, jitarsu tsirkiya 8 gare ta ba 6 ba, mai jitar bas, wato mai kaurin sauti, na can ƙasa yana nashi zagayen daban, kwatsam sai kowa ya tsaya cak, jita ɗaya ta yi wani sanyi-sanyi, sannan su dawo gaba ɗaya ba wanda ya riga wani. Mawaƙin gurnani shika yi amma yana yanka kalmomi da gudu irin na 'yan rap, kowace gaɓa na faɗawa bisa bugun ganga. Waƙa 8 ne, rabin awa da ɗan wani abu an gama. To shekaranjiya bayan isha wayata ta haɗu da sifikar ƙanwata da ke tsakar gida ban sani ba, Inna na bisa tabarma tana lazimi. Yanzu ta hwaɗa ma Kawu, an ce malam zai zo ran Juma'a, kuma wai maganar ta kai gidan su yarinyar da nika nema. Mi zan yi?

Maman Ummi Kaura: Ɗana goge shi kawai ka ba Inna haƙuri. Ni kaina nawa yaron tunda ya samu iyafis sai in kira shi sau nawa bai ji ba, ran nan miya ta ƙone yana zaune gabanta, uban kuma in na yi magana ya ce ni ce mai yawan mita, ni kaɗai ke fama da su a gidan nan.

Injiniya BK: Tsaya tukuna. Ina da situdiyo a Birnin Kebbi, sauti aikina ne, kuma ina gaya maka rabin abin da ya burge ka na'ura ce. Galibin masu irin wannan kiɗa suna maƙala wa gangar ƙafa wata 'yar na'ura, ko ya taɓa ta a hankali sai ta fitar da sauti mai ƙarfi iri ɗaya, kuma da ƙararrawar auna lokaci a kunnensu suke ɗauka, sannan a gyara a kwamfuta. In kana son na gaske ka nemi Human na ƙungiyar Death, 1991, mutanen Fulorida a Amurka, shugabansu Chuck Schuldiner ya rasu 2001. Maganar Inna kuwa mai sauƙi ce, ka nuna mata bidiyon mai gangar yana bugawa ta ga ɗan Adam ne da ƙafa biyu, shi ke nan.

Tela Gusau: Injiniya na ga bidiyonsu suna yi gaban jama'a, na'ura ba ta motsa ma mutum ƙafa. Kuma ni tsabtar ce ma nika so, ko'ina ina jin kowane kaya daban.

Abu Hafsa: Malam kai ka san me suke faɗi a ciki? Nan ne maganar take. Kuma shi kansa kiɗa ka san malamai sun yi magana a kai, ba sai na turawa ba. Kar ka kuskura ka nuna wa tsohuwa bidiyon nan, ƙara tayar mata da hankali za ka yi. Ka zauna a yi maka karatun, Alƙur'ani ne, ba zai cuce ka ba.

Tela Gusau: Na duba, ƙagaggen labarin kimiyya ne irin na finafinan ban tsoro, kuma ni ba kalmomin nika bi ba. Karatu ban ƙi ba wallahi, amma in na zauna ai na yarda ke nan ina da iskoki, gobe duk layinmu an ji, wa zai kawo min ɗinkin sallah?

Injiniya BK: To ka ga. Ni abin da na ce shi ne magana. Ka ma ƙara mata da cewa akwai Necrophagist na Jamus, masu Epitaph na 2004, wanda ya kafa su sunansa Muhammed, asalin iyayensa 'yan Turkiyya ne. Kuma ba a Turai kaɗai ake yi ba, a Botswana ma akwai masu det metal, baƙaƙe irinmu.

Ɗan Mafara: Ku kuna ta yabon na Kanada, mu nan Zamfara da munka haifi Ɗanƙwairo wa ya tsaya ya saurari yadda 'yan kotsonai ka amsa ma juna? Baffana makaɗin kalangu ne, da can in za a yi dambe sai an zo an ɗauke shi da mota, yanzu biki ma DJ aka kira, kalangun na rataye a ɗaki tsarkiya duk ta saki. Ba mai zuwa koyo.

Hajiya Argungu: Duk kun bar babbar magana. Gidan su yarinyar me suka ce? An kai kuɗin gaisuwa ko ba a kai ba? Wa ya kai musu labarin? Ka samu Kawun naka kai da shi, ka bar zancen ganga.

Tela Gusau: Hajiya wannan doguwar magana ce, ni da Kawu dama akwai 'yar matsala tun batun shago. Ni dai abin da nika so a gane, ban bar salla ba, ban shan komi, da wanga kiɗi a kunne nika ƙare kaftani ba tare da na yi gyangyaɗi bisa keke ba.

Maman Ummi Kaura: To me ya sa ka tambaye mu in ka riga ka yanke?

Injiniya BK: Ku bar shi. Tela wane irin iyafis kake amfani da shi ma? In na bakin tasha ne ai bas ɗin ma ba ka ji ba tukuna, kuma ka rage ƙara don kunne ba ya gyaruwa in ya lalace.

Tela Gusau: Na bakin tasha ne. Yanzu ƙanwata ta kira ni wai Kawu ya ce an matso da zuwan malam gobe da safe. Ban goge ba har yanzu. Akwai wanda aka taɓa yi ma ruƙiyya a nan, in ba ka faɗi ba kuma ba ka yi ihu ba suna ƙyale ka ko sai sun sake dawowa?