Likitan iyali a CSI: me ke sa aikin ya kama, me ke kashe shi?

Likitan gunduma, jahar Tawa:

Assalamu alaikum ƴan uwa. Duk sanda aka tayar da zancen gyaran tsarin lafiya a ƙasar nan ta Nijar, sai ka ji an ce a kai likitoci kusa da talakawa. Magana ce mai daɗin ji, amma ina so mu warware ta tsakaninmu, mu da ke riƙe da rajista.

A takarda tsarinmu a jere yake: kaz (ƙaramin ɗakin shan magani) a ƙauye, CSI (cibiyar lafiya da ke sama da kaz, wadda majo, wato babban ma'aikacin jinya, ke riƙe da ita), asibitin gunduma, babban asibitin jaha da na uwa da yaro a Tawa, sannan manyan asibitocin Yamai. Gundumomin lafiya 72 ne a ƙasar. A zahiri mai hali yana tsallake matakalar ya tafi wurin ƙwararre kai tsaye, marar hali kuma ya tsaya wurin mai tallan magani a kasuwa. Likitan iyali shi ne wanda ake so ya toshe wannan giɓi: likita mai sanannun mutane, yana ganin jariri da kakarsa a ɗaki ɗaya, yana riƙe da tarihinsu, shi ke tura su gaba, wurinsa kuma suke dawowa. Tura likita CSI kawai bai mai da shi hakan ba. Kowa ya faɗi abin da ya sani daga ɓangaren aikinsa.

Tsohon majo, Madawa:

Wa alaikumus salam Likita. Bari in fara da inda aka fi yin kuskure, wato teburin duba yara. Daga Agusta zuwa Oktoba layin masassara har bakin ƙofa yake kaiwa. Mafi yawan yaran nan aikinsu a rubuce yake, infirmiye ya haddace shi: a auna nauyi, a yi gwajin jini na gaggawa, in ya nuna zazzaɓin sauro a ba da Coartem bisa nauyi. Kilo 5 zuwa 14 ƙwaya ɗaya, 15 zuwa 24 biyu, 25 zuwa 34 uku, daga 35 huɗu, sau biyu a yini, kwana uku. Mai tari a ƙirga numfashinsa minti ɗaya cur, yana kwance lafiya ba yana kuka ba: 50 ko fiye ga ɗan wata 2 zuwa 11, 40 ko fiye ga ɗan shekara 1 zuwa 5, sai amoksisilin. Mai zawo ruwan gishiri da suga, da zinki na kwana goma zuwa sha huɗu. Igiyar awon dantse in ta faɗa ja, ƙasa da milimita 115, tamowa ce mai tsanani.

In aka zaunar da likita kan wannan layi, an yi asarar shekarun karatunsa, ya koma infirmiye mai tsada, majo kuma ya ga an ƙwace masa kujera, gaba ta fara. Abin da ya kamata a tura masa shi ne wanda littafi bai rufe ba: yaron da ya dawo karo na uku cikin wata, mai zafin jiki da gwaji bai nuna komai ba, mai farin tafin hannu, mai kumburin yatsu da ake zargin sikila. A rubuta wannan rabon aiki, a liƙa a bango tun ranar da likita ya iso. Tun ran gini tun ran zane.

Likita mai duba manya, Tawa:

Baba Majo ya yi daidai. Ni a ganina amfanin likitan iyali ya fi fitowa a ciwon da ba ya warkewa, don tsarinmu gaba ɗaya an gina shi ne kan ciwon kwana uku.

Ɗauki hawan jini. Awon kansa ana ɓata shi. Mutum ya sauka daga babur cikin ranar Afrilu, a ɗaura masa abin awo kan hannun riga, a ce yana da tansiyo. Ƙa'ida ita ce ya zauna minti biyar, baya a jingine, hannu daidai da ƙirji, a auna sau biyu, a sake wata rana. In ya tsaya kan 140 bisa 90 ko sama, sannan a ce hawan jini ne. Wanda ya kai 180 bisa 110 ba a ce masa ya dawo mako mai zuwa. Mai kauri kuma in aka ɗaura masa ƙaramin maɗauri, lamba za ta hau ta ƙarya. Ana iya farawa da amlodipin miligiram 5, a sake gani bayan wata, in bai sauka ba a kai 10 ko a haɗa da wani.

Duk wannan mai sauƙi ne. Inda ake faɗuwa shi ne wata na biyu. Mutum ya shanye kwali, ya ji garau, ya ɗauka ya warke kamar yadda ake warkewa daga masassara. Sai bayan shekara biyu a kawo shi kan amalanke, ɓarin jiki ya shanye. Maganin wannan rajista ce ta daban mai ɗauke da suna, ƙauye, lambar waya da ranar dawowa. Kowace Juma'a a duba wanda ya wuce ranarsa da mako biyu, a ba rele, wato wakilin lafiya na cikin ƙauye, sunansa ya je gida. In babu wannan rajista, babu likitan iyali, ko da an rubuta hakan a allon ƙofa.

Mu nan Adar muna da ƙarin matsala: bayan girbi maza sun tafi Abijan da sauran wurare, sai gab da damina. Irin waɗannan a ba su maganin wata uku, a rubuta sunan magani na asali da ƙarfinsa a karne, ba sunan kamfani ba, don su iya saye duk inda suke. Kafin azumi ma a kira masu ciwon suga a gyara musu lokutan sha, musamman masu shan glibenklamid, don ita ke faɗar da suga da tsakar rana. Kuma a riƙa cire musu takalmi ana duba tsakanin yatsu. Minti ɗaya ne, amma shi ke hana yanke ƙafa.

Ungozoma, Ƙonni:

Likita, na gode, amma kar a manta da ɗakin haihuwa. Awo mun iya shi: tansiyo, fitsari, ƙwayar ƙarin jini, Fansidar ta rigakafin zazzaɓin sauro daga wata na huɗu, a sha a gabanmu, aƙalla sau uku da tazarar wata. Allurar oksitosin, mai hana zubar jini, awo 10 cikin minti ɗaya bayan fitowar jariri. In firijo ya lalace aka bar ta cikin zafi ƙarfinta yana raguwa, ka yi allura jini bai tsaya ba.

Abin da muke buƙata wurin likita shi ne a tantance tun a wata na bakwai wadda ba za ta haihu a CSI ba: wadda aka taɓa yi wa fiɗa, mai tagwaye, wadda ɗa ya kwanta mata a gicce, ƙaramar yarinya mai cikin fari, mai kumburi da hawan jini. Sanin haka rabin aiki ne. Sauran rabin a gida yake. Miji yana ci-rani, uwar miji ta ce ita ta haifi tara a ɗaki, ba mai ikon cewa a tafi. Likitan da ya san gidan ya san wa ke yanke magana, zai nemi a kira miji a waya tun kafin naƙuda, a ajiye izini, a ajiye kuɗin mota, a san ƴan uwa biyu da za su ba da jini. In aka bari sai dare ya raba ana neman izini, jinkirin nan ne ke kawo yoyon fitsari da abin da ya fi shi muni.

Sai takardar turawa. A rubuta ƙarfe nawa aka yi kowace allura. Mai jijjiga in an yi mata magnesiyom, giram 4 ta jijiya da giram 5 a kowane ɗuwawu, aka manta da lokaci, na gaba bai san yaushe zai maimaita ba. Takardar amsa kuwa, wadda babban asibiti ya kamata ya maido, da wuya ta dawo. Mace ta koma gida da ɗinki, mu ba mu san abin da aka gani a ciki ba.

Likitan gunduma, jahar Tawa:

Hajiya, takardar amsa laifinmu ne mu na sama, na karɓa. Abin da ke aiki shi ne a miƙa ta hannun direban anbilans ko a ɗauki hotonta a tura wa majo ta WhatsApp ranar sallama. In aka ba mara lafiya, cikin kayan jego take ɓacewa.

Mai riƙe da asusun CSI, Buza:

Kun yi maganar ilimi, ni zan yi ta kuɗi. Tun bayan shirin Bamako na 1987, CSI da kuɗin da marasa lafiya ke biya take sayen magani, ta juya, ta sake saye. Daga 2005 zuwa 2006 aka mai da fiɗar haihuwa, awon ciki, tsarin iyali da maganin yara ƴan ƙasa da shekara biyar kyauta. Alheri ne babba, yara sun cika CSI. Amma kyauta ba ta nufin magani ya faɗo daga sama. Mu ke bayarwa, mu cika takardu, mu jira a biya mu. In biyan ya yi jinkiri na watanni, kanta ta bushe, sai a koma rubuta wa uwa ordonansi ta je waje ta saya. A 2024 kuma an rage kuɗin asibitocin gwamnati da rabi. Talaka ya ji daɗi, amma duk ragin da ba a cike gurbinsa a kan lokaci ba, a kantar magani yake bayyana.

Inda likita ya shigo: alƙalaminsa na iya raya asusu, yana iya kashe shi. Sabon likita da ya saba da babban asibiti zai rubuta magani biyar, uku babu su a jerinmu. Mutum ya fita da takardar jikka goma sha biyar, ya sayi mai arha ɗaya, ya bar mai amfanin. Likita ya zauna da mu duk ƙarshen wata, a ɗauki abin da aka sha a wata uku na baya a raba uku, a yi oda da ajiyar wata ɗaya a kai, a ninka ta masassara tun watan Yuni. Dala ashirin ɗin nan da wasu gundumomi ke ƙarawa kan kuɗin dubawa don man anbilans, a ware mata asusunta, kar a ranta don sayen komai.

Ƙaramin likita, Yamai:

Iyayena, ku yi mini izini in faɗi ta ɓangarenmu. Karatunmu a gadon babban asibiti aka yi shi, kan mutanen da an riga an tace su. Ba a koya mana zama da hakimi ko da kwamitin lafiya ba, ba a koya mana mutumin da ya zo da "jikina duk ba daɗi" ba. Sannan wanda ya zauna ƙauye shekara biyar, abokinsa da ya tsaya birni ya zama ƙwararre, shi yana nan inda yake. Don haka kowa idonsa na kan jarrabawar ƙwarewa. An ɗauki likitoci da yawa a 2011 aka rarraba, amma ɗauka daban, zama daban.

Mali tun 1989 ta fara zaunar da likitoci a karkara, daga baya jami'ar Bamako ta mai da likitancin iyali da al'umma fannin ƙwarewa mai takardarsa. Barazil daga 1994 ta kafa ƙungiyoyi: likita, infirmiye, mataimaki da ƴan rele, kowace ƙungiya da unguwarta ta mutum wajen dubu uku zuwa huɗu. Mu ma muna da misali a gida, horon fiɗa na gunduma da ake yi wa likitoci na shekara ɗaya don su iya fiɗar haihuwa da ta gwaiwa. Abin da aka yi wa fiɗa ana iya yi wa wannan. A haɗa da gida mai wuta da ruwa, da ƙaramin labo mai madubin gwaji, awon jini da na suga.

Ina kuma ganin a hana zuwa wurin ƙwararre sai da takardar likitan iyali, kamar Ingila. Faransa ma tun dokar 2004 wanda ya tsallake likitansa ana rage masa kuɗin da inshorar lafiya ke maido masa.

Tsohon majo, Madawa:

Ɗana, a nan na rabu da kai. Ba a kulle ƙofar gaba sai an tabbata ta baya a buɗe take. Ka hana mutum zuwa Tawa alhali CSI ɗinsa ba likita ba magani, ka tura shi wurin boka ke nan. Sai a jawo shi da sauƙi: mai takardar turawa ba ya bin layi, kuɗinsa ya fi ƙasa. Kuma lissafin Barazil ba zai hau Abalak, Cintabaraden da Tasara ba. Can iyali ne ke tafiya, ba likita ba. Wanda ke cikin kilomita 5 yana zuwa da ƙafarsa, daga nan zuwa 15 mu ke fita da babur, abin da ya wuce haka sai mota, a bi rijiyoyi da ranakun kasuwa. Makiyayi tarihinsa a karne yake, cikin leda, a jakarsa.

Likitan gunduma, jahar Tawa:

Na yarda da Baba Majo kan ƙofa. Ga masu zama wuri ɗaya kuwa, fayil ɗin gida ba ya buƙatar kwamfuta kafin a fara. Lambar ƙauye, lambar gida, lambar mutum: 04-117-3. Ƴan rele sun riga sun san gidajen, tunda suna bin su ɗaya bayan ɗaya daga Yuli zuwa Oktoba wajen rabon maganin rigakafin masassara na yara ƴan wata 3 zuwa 59. A yi amfani da wannan zagaye a ƙirga gidaje, a rubuta lambar a bayan karnen kowa. Kar a jera da suna, don Abdu ɗan Ibro goma za ka samu a ƙauye ɗaya.

Mai riƙe da asusun CSI, Buza:

To Likita, a sa kabad na ƙarfe mai makulli cikin lissafi, a ɗora shi kan bulo, a janye shi daga bango. Na katako gara ba ta bari ya ga damina biyu. Makulli kuma hannun mutum biyu kawai, don fayil ɗin gida yana ɗauke da maganar da kishiya ba ta sani ba.