Zare takobi a durƙushe: dabarar faɗa ce ko ladabi?

Sani: Jama'a, ni dai ina nan kan bakana. Iaido, wato fasahar zare takobi ta Japan, da ake farawa a durƙushe, zaman da Japanawa ke kira seiza, ba dabarar faɗa ba ce. Samurai in zai shiga ɗakin mutane cire dogon takobinsa yake yi, gajeren kawai yake bari a ƙugu. To yaushe za a far masa yana durƙushe da katana, wato dogon takobin, a ɗamara?

Hajara: Malam Sani, ka yi musu kuɗin goro. Seiza daga baya ta shigo, ta hannun Omori Rokurozaemon, a zamanin Edo da yaƙe-yaƙe suka lafa. Amma makarantar takobi ta Katori Shinto-ryu, wadda Iizasa Ienao ya kafa tun ƙarni na 15, a tsugune take zare takobi, ƙafa a shirye ta zabura.

Sani: Ai kin taya ni ne, Malama. Na dā na faɗa ne, na baya kuwa gaisuwa ce da takobi.

Bashir: Ku dakata. Ba Hayashizaki Jinsuke ne ya ƙirƙiro abin ba?

Hajara: Shi ake jinginawa, har wurin bauta aka yi masa a Yamagata. Sai dai a ƙarni na 16 ya rayu, Katori ta girme shi. Makarantun Eishin-ryu ta yankin Tosa da Muso Shinden-ryu ta Nakayama Hakudo su ne ke danganta kansu da shi.

Aminu: Yaya Sani, ka taɓa gwadawa? Ni na yi 'yan watanni da takobin atisaye marar kaifi. Ka durƙusa ka zauna kan dugaduganka, babban yatsan hagu ya ɗan turo takobin, hannun hagu ya ja kube baya, na dama ya zare, kana tasowa, duk a numfashi ɗaya. In ƙugunka bai yi aiki ba, tangaɗi za ka yi. A tsaye ƙafa na rufa maka asiri, a durƙushe kuwa babu inda za ka ɓuya. Don haka ake farawa da shi.

Sani: To horo ne ke nan, ba faɗa ba. Na karɓi wannan. Amma a daina ce mana haka aka yi a fagen daga. Tun 1876 aka hana yawo da takobi a Japan, kuma tsarin bai-ɗaya da hukumar kendo, wasan takobi na Japan, ta fitar a 1969 kata (wato tsararren jerin motsi) 7 ne, yanzu 12, da su ake jarrabawa da gasa.

Bashir: Mai son sara fa?

Sani: Ya nemi Toyama-ryu. Daga makarantar soja ta fito, a tsaye ake yi, kuma ana sare naɗaɗɗiyar tabarma a ga ko hannu ya iya.

Aminu: Su ma tabarmar ba ta rama sara, Yaya.