Neman kalma: me za mu kira taransifoma da Hausa?

Assalamu alaikum. Masu gyaran lantarki da malaman Hausa da ke nan don Allah ku matso, kalma nake nema. Ina aikin farfaɗo da wata 'yar tsohuwar taransifoma da tsatsa ta ci, ta cikin rediyon da ce, irin mai kwalaben gilashi a ciki waɗanda sai sun ɗau zafi kafin murya ta fito, masu gyara suna ce musu bawul. So nake in rubuta yadda ake aikin da Hausa saboda yaran da ke koyon sana'a a wajenmu, toh matsalar ita ce da ka ce taransifoma hankalin kowa sai ya tafi kan ƙatuwar nan ta bakin layi wadda in ta buga unguwa ta shiga duhu a fara karo-karo, alhali wadda ke gabana da hannu ɗaya ake ɗaukarta kuma aikinsu ɗaya ne sak.

A labarai ana yawan cewa na'urar rarraba wutar lantarki, ni gaskiya wannan bai kwanta min ba. Wayoyi ne suke rarraba wuta gida-gida, ita aikinta daban. Ta cikin rediyon nan wa take rarraba wa? Wuta take karɓa daga soket bolt 220 ko 230 (bolt shi ne ma'aunin matsin wuta a waya), ta fitar da 6.3 ta wani ɓangare don ɗumama bawul, ta wani ɓangaren kuma ta fitar da 250 ko sama da haka, kun ga abu ɗaya yana ragewa yana kuma ƙarawa a lokaci guda, shi ya sa wanda zai ce mai rage wuta shi ma bai kamo duka ba.

Bari in faɗi abun da ke cikinta don kalmar da za mu zaɓa ta dace da aikin. Waya ce ta jan ƙarfe mai rufin banish an naɗa ta zagaye-zagaye a kan ƙarfe, naɗi biyu ko fiye, kuma ba sa taɓa juna ko kaɗan. Wutar gidanmu tana kai-komo sau 50 a daƙiƙa, in ta bi naɗin farko sai ƙarfen ya zama maganaɗisu mai tashi da faɗuwa, wannan tashi da faɗuwar ne ke haifar da wuta a naɗi na biyu. Yawan zagaye shi ke yanke hukunci, misali in naɗin farko zagaye 1100 ne a kan 220, kowane bolt ɗaya zagaye 5 ke nan, toh mai son 6.3 zagaye 32 haka zai naɗa. Michael Faraday ne ya fara nuna wannan a Landan a 1831 da zoben ƙarfe da wayoyi biyu, sai a 1885 injiniyoyi uku na kamfanin Ganz a Budapest ta ƙasar Hangare suka fito da irin wadda ake aiki da ita sosai. Kuma a lura, ba ta ƙirƙirar wuta daga babu, kamar canjin kuɗi ne, dubu guda ka mai da ita ɗari-ɗari goma kuɗinka bai ƙaru ba. In bolt ya hau yawan wutar da ke gudu a wayar zai sauka, har ma kaɗan ya tafi a zafi.

Shawarata ita ce masauyin ƙarfin wuta. Hausa tana da hanyarta ta raɗa wa kayan aiki suna, buɗe ya ba mu mabuɗi, auna ya ba mu ma'auni, kunna ya ba mu makunni, rufe ya ba mu murfi ko marufi, toh sauya me zai hana ya ba mu masauyi? Ku faɗi ra'ayinku.

Na ga amsoshi da yawa Allah ya saka da alheri, bari in bi su.

Malam, kai da ka ce a bar taransifoma kawai tunda ta riga ta zauna kamar mota da rediyo da kwamfuta, wallahi ban ƙi ba, babu wanda zai je ofishin wuta ya ce masauyin unguwarmu ya lalace, taransifoma zai ce kuma ya yi daidai. Ɗan uwanmu na Maraɗi ma ya ce su taransifo suke cewa daga Faransanci. Amma kun ga ke nan aron ma biyu ne, Kano da nata Damagaram da nata, kuma duka biyun ba sa gaya wa yaro ɗan koyo komai game da abun da ke hannunsa. Ni a wajen koyarwa nake son kalmar, in yaro ya ji masauyi ya san akwai abun da ke shiga da wanda ke fita kuma ba iri ɗaya ba ne.

Yaya, maganarka ta fi kowacce shiga ta, cewa masauyin wuta zai rikice da canja-oba da ake juya gida daga wutar NEPA zuwa janareta. Gaskiya ne, shi ya sa kalmar ƙarfi ba za ta fita daga ciki ba. Wani kuma ya ce ai ƙarfi ba bolt ba ne a ilimin makaranta, wat ne, toh amma ku saurari yadda mutane ke magana, in kwan fitila ya yi ja fanka tana juyi da ƙyar cewa ake an kawo wuta amma ba ƙarfi, kuma in ka sa mitar gwajin wuta za ka ga bolt ne ya sauka zuwa 150 ko ƙasa. Ma'ana bakin Bahaushe ya riga ya ba bolt sunan ƙarfin wuta tun kafin mu zauna wannan shawarar, ni dai ban ga dalilin da za mu yi jayayya da shi ba. Majuyi da wata 'yar uwa ta kawo yana da daɗin faɗi amma juyi yana sa a ɗauka akwai abun da ke juyawa a ciki kamar na fanka, ita kuwa babu abun da ke motsi a cikinta ko ɗaya, dalilin da ya sa ma take kai shekara sittin saba'in tana aiki in ruwa bai shige ta ba.

Baba mai rewayindin, wato mai sana'ar sake naɗa wayar injina, da ya tambaya yaya nake yi da tsatsar, ranka ya daɗe ai kai ne malamin, amma bari in faɗa saboda yara su ji kuma mu gwada kalmomin a cikin aiki. Ƙarfen tsakiyar ba dunƙule ba ne, fallaye ne sirara masu siffar E da I an jera su, kowane falle da ɗan rufi a jikinsa don kar wuta ta riƙa kewayawa a cikin ƙarfen kansa tana dafa shi. Saboda haka kar yaro ya ɗauki fayil ko girandi ya goge gefen har ya yi ƙyalli, in ya yi haka ya haɗe fallayen ke nan, kyau zai samu a ido amma abun zai riƙa zafi. Burushin ƙarfe kawai a hankali, a kaɗe garin, a goge da busasshen tsumma. Murafen gefe biyu da kusoshi su ne ake kwancewa a jiƙa su daban a ruwan kal su kwana, a wanke a busar sosai a yi musu fenti, amma jikin masauyin kansa kar ruwa ya kusance shi don takarda ce a tsakanin naɗe-naɗen kuma tana shan danshi. In tsatsa ta shiga tsakanin fallaye har sun kumbura za ka ji yana gurnani in an kunna, wani lokacin ɗaure kusoshi da banish suna kashe ƙarar, in ta ci sosai kuwa sai an warware.

Kafin ya ga wuta a shanya shi a rana mai ƙarfi ko a ɗumama shi kaɗan-kaɗan danshi ya fita, sannan mita, kowane naɗi ya nuna wayarsa ba ta tsinke ba, tsakanin naɗi da ƙarfe kuma ya nuna babu haɗi sam. Tsoffin wayoyin da suka fito waje masu rufin roba ko zare yawanci sun bushe suna farfashewa, a sa musu sabon rufi. Kunnawar farko ta cikin kwan fitila mai zare ɗan wat 60 ake yi, a jera shi a kan waya ɗaya, in ya ɗan yi ja kaɗan ko bai kama ba lafiya, in ya haska fes akwai inda waya ta haɗe a ciki, a kashe nan take. Kuma ɓangaren 250 ɗin nan yana kisa ba wasa, hannu ɗaya a baya. Taransifomomi masu mai a ciki kuwa na da, kar a buɗe su a gida, wasunsu suna da man PCB mai guba wanda Amurka ta hana yinsa tun 1979.

Toh ga inda mafi yawanku suka tsaya kuma ni ma nan na tsaya. Ta bakin layi a ci gaba da ce mata taransifoma a maganar yau da kullum. A rubutu da koyarwa masauyin ƙarfin wuta, in an riga an ambata sai a taƙaita a ce masauyi. Irin wanda ake saya wa kayan Amurka masu 110 masauyi mai ragewa, na tashar wuta da ke ɗaga bolt don tafiya mai nisa masauyi mai ƙarawa, naɗe-naɗen kuma naɗin shiga da naɗin fita. Saura ƙarfen tsakiya, wasu sun ce zuciya wasu cibiya, Baba ya ce su a shago ƙarfe kawai suke cewa kowa ya gane, ina jiran malaman Hausa su raba mana wannan kafin in fara rubutun.