Hausar "archetype" nake nema kafin Litinin

Malamar Adabi, Bauchi: Salamu alaikum. Litinin zan shiga aji da tatsuniyar 'yar bora da 'yar mowa, zan yi tarkenta, wato in feɗe ta, da ra'in Freud da na Carl Jung, masanan halayyar ɗan Adam. Archetype ce ta tsaya mini a wuya. Jung cewa ya yi akwai siffofin da kowane ɗan Adam ke zuwa da su duniya, kwance a can ƙarƙashin zuciya. Shi ya sa tsohuwar nan da ke cewa a cuɗa mata baya take a tatsuniyoyin ƙasashe da yawa, Gizo kuma ya yi kama da Ananse na Gana. Me zan kira ta?

Ɗan Wunti: Samfuri.

Malamar Adabi: Samfuri ai ɗanɗane ne a kasuwa. Gizo shi ne samfurin, ni abin da aka fitar da shi daga ciki nake nema.

Baban Yara, Gombe: To mazubi ke nan, ranki ya daɗe. Girkancin ma haka yake: arche asali, typos abin da aka buga ya bar shaida. Mazubin asali. Shi mazubin ba kowa a ciki, kowace al'umma ta zuba nata, mu muka zuba Gizo, Yarbawa suka zuba kunkuru.

Ɗan Wunti: Ɗalibai za su rubuta mazubin shara, wallahi.

Dattijo: Tun tuni nake cewa kakan-kama. Gajeriya, Hausa zalla. Asali Larabci ne, siffa Larabci, samfuri Turanci. Sai yaushe za mu daina bara?

Baban Yara: Allah ya ja kwana Baba, "Litinin" ɗin da Malama ta faɗa fa? A kore ta ita ma?

Dattijo: Da daga Kano kakan-kama ta fito da tuni kun sa ta a jarabawa. Amma tunda bakin mutumin Azare ne, sai a ce Guddiranci.

Ɗan Wunti: Ga Bafulatanin Gombe na koya mana Hausa, ga Baba ya tayar da yaƙin Katagum.

Malamar Adabi: Don Allah ku dawo. Baba, kaka mutum ne guda da ya rayu ya mutu, Jung kuwa ba wani Gizo na farko yake nufi ba. Kuma ina son kalmar ta ɗauki uwa mai fuska biyu. A bugun 1812 na littafin 'yan uwan Grimm, Jamusawan da suka tattara tatsuniyoyi, uwar da ta haifi Snow White ce ke neman ranta, sai a 1819 suka mayar da ita matar uba. Masu bin Freud na cewa yaro ne ke raba uwa biyu, ta kirki da muguwa, don ya iya jin haushinta ba laifi. Mazubi ɗaya, zubi biyu. Wannan ya zauna mini.

Baban Yara: Sai dai ki kula, "zubi da tsari" na nan a manhaja, kada su haɗa.

Malamar Adabi: Zan rubuta mazubin asali a allo, na Turancin a gefe.

Dattijo: A saka. Amma a nawa ajin kakan-kama ce.