Misin da rilan: wace kalmar Hausa ta dace da su?

Assalamu alaikum kanikawa, masu wayarin, masu sa wa mota kwamfuta, da malaman Hausa da ke cikinmu. Kalmomi biyu nake so mu tsayar, domin rashinsu yana cinye kuɗin mutane a gareji. Wasunku sun riga sun kawo shawarwari da tambayoyi a kansu, zan bi su ɗaya bayan ɗaya.

Ta farko ita ce wadda muke kira misin. Duk mai mota ya san ta: inji na karkarwa a silo, wato sa'ad da yake aiki ba a taka totur ba, ka taka totur ta shaƙe, salansa na tari. Ta biyu ita ce wadda na'urar duba mota ke rubutawa da Turanci, yaran gareji suna karanta ta rilan, wato a sa kwamfutar mota ta koyi wani abu daga farko bayan an yi gyara.

Ga inda matsalar take. An sauke inji an ɗora na Beljiyam, ko an canza sansar karanshaf, wato na'urar da ke lura da juyin babban ƙarfen da fistin ke juyawa, ko an taɓa filawil, babban faifan bayan inji, wajen gyaran kuloci. Mota ta tashi lafiya lau, ba karkarwa, ba tari. Kwana biyu sai fitilar cek, mai gargaɗin matsalar inji, ta kama. Aka jona na'ura, ta nuna P0300, ko P0301. Oga ya ce misin ne. Mai mota ya tafi Ƙofar Ruwa ko Panteka ya sayo filogi. Fitila ta dawo. Ya sayo kwayil, mai ba filogi wuta. Ta dawo. Aka wanke nozul, mai fesa mai. Ta sake dawowa. Alhali tun farko babu silindar da ta gaza. Kalma ɗaya muke da ita, misin, muna kiran ciwon gaske da ita, muna kuma kiran zargin da kwamfuta ke yi da ita, shi ya sa magani ɗaya muke ba su duka.

Kafin a kawo kalma, a san abin da ake raɗa wa suna.

Kwamfutar mota, wadda muke ce wa biren bos, ba ta ganin cikin silinda. A yawancin motoci babu wata sansa da ke kallon ko mai ya ƙone. Abin da take yi lissafin lokaci ne. A jikin karanshaf ko filawil akwai wani faifai mai haƙora, sansa na ƙirga su suna wucewa. A injina da yawa gurbin haƙora 60 ne aka cire 2, don kwamfuta ta gane mafarin juyi. A wasu, kamar na Ford da dama, 36 ne aka cire 1. Kowace silinda tana bugawa sau ɗaya a juyi biyu na karanshaf, don haka a inji mai silinda 4 ana samun bugu a kowane rabin juyi. Duk bugun da ya yi kyau yana ƙara wa karanshaf ɗan sauri. In wata silinda ba ta buga ba, sai a sami ɗan jinkiri daidai lokacinta, jinkirin da kunnen mutum ba lalle ya kama ba. Kwamfuta ta ga jinkirin, ta duba wa ke da layi a wannan lokacin, ta rubuta masa laifi. P0301 silinda ta ɗaya, P0302 ta biyu, haka har gaba. P0300 kuwa tana nufin abin ya watsu, ba a silinda ɗaya yake ba.

Wannan tsarin ya zama dole a motocin da ake sayarwa a Amurka tun daga ƙirar 1996, ƙarƙashin abin da ake kira OBD-II, mai soket ɗin nan na fil 16 da ke ƙasan sitiyari. Turai ta bi sahu a motocin fetur a 2001. Tunda mafi yawan motocin da ke hannunmu daga can aka sauke su, ta Legas ko ta Kwatano, da tsarin suka zo mana.

To, babu faifan da aka taɓa ƙerawa haƙoransa suka yi daidai ɗari bisa ɗari. Wani haƙorin ya ɗan fi wani faɗi, wani gurbin ya ɗan karkace. Kwamfuta tana haddace wannan karkatar ta faifan da ta sani, tana cire ta daga lissafi. Ranar da aka kawo mata wani inji, wani faifai ko wata sansa, ita kuma tana nan da tsohuwar hadda, sai ta ɗauki karkatar sabon faifai a matsayin jinkirin silinda. Haka ma in kwamfutar ce aka canza.

Mu fara da misin.

Oga, kai da ka ce a bar ta yadda take tunda kowa ya gane, ban ƙi ta taka ba. Filogi ma aro ne, batir aro ne, kuma sun zauna daram. Ba zan hana kowa cewa misin a bakin gareji ba. Damuwata ita ce kalmar ba ta faɗa wa mai mota komai game da abin da ya faru a ciki, kuma ba ta da ƙofar da za mu raba na gaske da wanda ba na gaske ba.

An kawo ɗaukewar wuta. Wannan ta riga ta yi aure a wani gidan: Bahaushe ya ji an ɗauke wuta, lantarki zai tuna, bakanike kuma zai tafi neman fiyus. An kawo tsallake wuta, an kawo fashin wuta. Fashin wuta ta burge ni da farko, domin fashi kalma ce da muke amfani da ita ga abin da ya saba zuwa a kan lokacinsa sai ya tsallake, kamar ɗalibi ya yi fashin makaranta. Amma wutar ce matsala. A gareji, wuta tana nufin tartsatsin filogi. Duk wanda aka ce wa motarsa na fashin wuta, kwayil zai je saye, wato mun koma gidan jiya. Silinda tana iya ƙin bugawa wutarta na nan ƙalau: nozul ya toshe mai bai iso ba, iska ta ɓarauniyar hanya ta shiga ta yi wa mai yawa, bawul ya ƙone, ringi ya mutu matsi ya zube, taimin ya tsallake haƙori. Wuta ɗaya ce daga cikin abubuwa uku da ƙuna ke buƙata, sauran su ne mai da matsi.

Shi ya sa nake ganin fashin bugu. Silinda ta uku tana fashin bugu. Ba ta ɗora laifi kan filogi ba, ba ta ɗora kan nozul ba, ta faɗi abin da ya faru kawai, kuma shi ne ainihin abin da kwamfuta ke aunawa. Malam, ka yi gaskiya da ka ce fashi na iya tuna wa mutum da 'yan fashi. Amma muna cewa fashin baƙi, muna cewa ba ya fashin zuwa kasuwa, babu wanda ya taɓa ruɗewa. Kalmar da ke biye ce ke warwarewa.

Saura wanda ba na gaske ba, kuma a nan ne muka fi daɗewa.

Na bogi ba ta yi ba, domin bogi akwai niyyar yaudara a ciki, kamar kayan jabu. Mai mota zai ɗauka bakanike ne ya ƙirƙiro laifin don ya ci kuɗinsa. Na ƙarya ma kusan haka take, kuma tana sa mutum ya yi watsi da fitilar gaba ɗaya, ya ce ai ƙarya take yi. Kwamfuta ba ƙarya ta yi ba. Ta ga jinkiri da gaske, fassarar da ta yi masa ce ba daidai ba. Wani ɗan'uwa ya kawo ƙazafi, na kuma ji daɗinta don silindar ce aka yi wa, sai dai ta yi nauyi a baki, ba na jin za ta shiga gareji.

Ni fashin zato na zaɓa. Kwamfuta ta yi zaton an yi fashi. Kalmar tana gaya wa bakanike cewa akwai sauran bincike, ba ta ce masa ya saya ba, ba ta ce masa ya manta ba. Kuma ta rufe sauran abubuwan da ke jawo irinsa ban da canjin inji: fulin gaban inji da robarsa ta saki, belt mai fizga, sansa da ba ta zauna daidai ba, wayarta da ta goge, har ma da hanya mai gargada, inda tayoyi ke mayar da girgiza cikin inji ta giya. Wannan na ƙarshen ya shafe mu ƙwarai. Wasu motocin General Motors ma suna amfani da sansar tayoyi ta birkin ABS don su gane an shiga gargada su daina ƙirga, in wannan sansar ta mutu kuwa, sai zato ya yi yawa.

Ƙanena, kai da ka tambaya yaya za a raba su biyun. Fara da jikinka: zauna a mota, ji ko tana karkarwa, saurari salansa. Sannan tambayi mai ita me aka taɓa kafin fitila ta kama, wannan tambayar kaɗai tana warware rabin aiki. In lambar ta nuna silinda ɗaya, ɗauke kwayil ɗinta ka kai wata silindar, ka kawo na can nan. In laifin ya bi kwayil, ka kama ɓarawo. In bai bi ba, yi haka da filogi, sannan auna matsi. In na'ura ta nuna P0315, ko P1336 a motocin General Motors, kwamfutar da bakinta take ce maka ba ta koyi faifan karanshaf ba. Amma ka riƙe wannan da kyau: in fitilar cek tana ƙiftawa, ba tsayawa ta yi ba, kada ka ce wa kowa zato ne sai ka tabbatar. Ƙiftawa alama ce ta fashi mai yawa, ɗanyen mai na gangarawa salansa yana ƙonewa a cikin matatar hayaƙin da muke kira indomi, har ya narkar da ita. Kuɗinta ya ninka na filogi nesa ba kusa ba.

Yanzu rilan.

Saiti ita ce ta fi yawo, kuma ita ce ta fi ɓata mana aiki, domin abubuwa uku daban muke zubawa a cikinta. Akwai goge lamba, wanda kowace ƙaramar na'ura ke yi, fitila ta mutu, laifi na nan. Akwai sauya manhajar kwamfutar baki ɗaya. Sai wannan na uku da muke magana a kai. Mutum ya biya kuɗin saiti, aka goge masa lamba kawai, bai kai gida ba fitila ta dawo, ya ce kanikawa macuta ne.

Malama ta kawo bita. Kalma ce mai daɗi, amma bita maimaita abin da ka sani ne don ya zauna, nan kuwa tsohon karatun ake zubarwa. Daidaitawa ta yi faɗi, tayoyi ma daidaita su ake yi. Sabo da sabon inji ya yi kusa da ma'ana, sai dai a rubuce yana rikicewa da sabo na sabuntaka.

Sake koyo ta ishe mu. Gajera ce, kuma tana juyuwa a baki: an yi mata sake koyo? A koya mata karanshaf. A koya mata silo.

Duba yadda ake yin sa, za ka ga koyon ne da gaske. Kwamfuta na buƙatar ta ga faifan yana juyawa a lokacin da babu silindar da ke bugawa, wato sa'ad da aka ɗaga ƙafa daga totur ta yanke mai. Kamar mai awo ne da ke fara ɗora kwano babu komai a kan sikeli, don ya san nauyin kwanon kafin ya zuba hatsi. A motocin General Motors da na'ura ake yi: inji ya yi zafi, mota a tsaye, ƙafa a birki, na'ura ta ba da izini, a taka totur har mai ya yanke, a saki nan take. A Ford da yawa na da, a kan titi ake yi: a kai mil 60 a awa, kusan kilomita 97, a saki totur ba tare da taɓa birki ba har ta sauko mil 40, a maimaita sau uku. A Honda, irin su Accord ɗin da muke kira EOD, bayan an goge tsohuwar hadda da na'ura, a ƙaramin giya ake barin inji ya sauko da kansa daga juyi 2,500 a minti zuwa 1,000, ƙafa a sama. Kowane kamfani da hanyarsa, har ƙira da ƙira ana samun bambanci, don haka a duba ta wannan motar kafin a fara. Wanda za a yi a titi kuma a nemi hanya miƙaƙƙiya marar cunkoso, don Allah, ba tsakiyar gari ba. Kada kuma a koya wa kwamfuta a kan injin da ke fashin bugu na gaske. A gyara shi tukuna, da yawansu ma ba sa karɓar koyon in akwai wata lambar laifi a ajiye.

Silo ma haka. An cire batir ko an wanke maƙogwaron totur, sai inji ya riƙa ihu a tsaye ko yana mutuwa a danja, domin kwamfuta ta haddace tsohon dattin da aka wanke. Masu Nissan sun san wannan sosai. Shi ma sake koyo ne, na silo.

Abin da bai tsaya ba shi ne sunan faifan nan mai haƙora. Na ji masu ce masa giya, amma ba ya juya komai, ƙirga shi kawai ake yi. Faifan ƙirga nake ta juyawa a raina. 'Yan'uwa na Maraɗi da Damagaram, ku da kuke ce wa filogi buji, me kuke kiran wannan faifan a garejinku, kuma me kuke cewa in silinda ta yi fashi?