Abin da muka tattaro a nazarin Littafi Mai Tsarki na ran Laraba

A cocinmu na Sabon Gari, wata 'yar'uwa da ta rasa ɗanta ta tambaya: in Allah ne mai iko da kome, me ya sa ya ƙyale?

Baba dattijo ya kai mu Farawa 50:20. 'Yan'uwan Yusufu sun nufe shi da mugunta, alhakin na wuyansu, amma Allah ya juya abin ya ceci rayuka. Yaƙub 1:13 kuma ya hana mu ɗora wa Allah zunubinmu.

Maganar Mama shugabar zumuntar mata ta fi ratsa ni. Ta ce kada mu shiga gidan makoki muna tonon laifin da ya jawo, kamar abokan Ayuba da suka je yi masa jaje suka koma zarginsa; kwana 7 ɗin da suka yi shiru ne suka kyauta. Ran Asabar za mu kai wa 'yar'uwar da ta rasa ɗanta abinci, mu zauna da ita.