Kwafar fayil ba ta wuce megabait 11, ina abin ya maƙale?

Sabon_Shiga: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Kwamfuta 24 ne a kan suwic (na'urar da ke haɗa kwamfutoci da kebul) biyu na gigabit, wato megabit 1000 a sakan, kebul ɗaya ya haɗa su. Sabar fayil (kwamfutar da ke ajiye mana fayiloli) da rauta (na'urar da ke haɗa mu da intanet) suna kan na farko. Daga suwic na biyu, kwafar fayil ba ta wuce megabait 11 a sakan. Sannan da an fara ɗora manyan fayiloli a intanet, sai kiran murya ya riƙa yankewa. In sayi intanet mai ƙarfi ne?

Mai_Kebul: Wa'alaikumus salam. Malam, kada ka sayi komai tukuna, kwafa tsakanin kwamfuta da sabar ba ta bi ta intanet. Lambar 11 ɗin nan ita ta tona asiri. Bit takwas ne bait ɗaya, don haka raba megabit 100 gida takwas, ka samu megabait 12.5, abin da ke isa hannu kuma wajen 11 ne. Ke nan akwai inda layin ya sauka zuwa 100. Gigabit mai lafiya kan ba da sama da 110.

Kebul ɗin da ya haɗa suwic biyun nake zargi. Gigabit na buƙatar wayoyi takwas ɗin da ke cikin kebul duka, 100 kuwa huɗu sun ishe shi: 1, 2, 3 da 6. In ɗaya cikin 4, 5, 7 ko 8 ta katse, ko ba ta matsu da kyau a kan RJ45 (kan kebul da ake soka wa suwic) ba, galibi suwic kan sauka 100 shiru. Sa testa, wato na'urar gwada kebul, sake matse kawunan biyu. Kebul ya zama aƙalla mai darajar Cat5e, kada tsawonsa ya wuce mita 100.

Injiniya_Z: Na yarda, amma a auna kafin a yanke kebul, don faifan sabar ma kan ja abu baya. Da manhajar auna gudun layi iperf3, kunna `iperf3 -s` a sabar, `iperf3 -c` da adireshinta a kwamfuta. Fara daga kwamfutar da ke kan suwic na farko, ya kamata ka ga wajen megabit 940. In na biyu ya ba da 94, magana ta ƙare. Ka sani kuma, ko an gyara, duk na suwic na biyu gigabit ɗaya tak suke rabawa.

Hajiya_Rauta: Ɗan'uwa, yankewar kira cuta ce daban. Bar `ping`, umarnin auna jinkirin layi, yana tafiya zuwa adireshin intanet 8.8.8.8, sannan ka fara ɗora babban fayil. In ya tashi daga milisakan 30 zuwa ɗaruruwa, fakitoci, wato gutsattsarin bayanai, ne suka yi dogon layi a rauta ko modem, na murya suna jira a bayan na fayil. Kunna SQM, tsarin da ke daidaita layin fakitoci a rauta, zaɓi salon cake ko fq_codel, ka ƙayyade gudun a kashi 90 cikin 100 na abin da ka auna da kanka, ba abin da kamfani ya rubuta ba. Ɓangaren ɗorawa za ka fara saitawa, shi ya fi saurin cika.